DARASI: HAKKIN KAISAR DA HAKKIN ALLAH

Akwai wata tambaya da masu bi sukan kawo wa Fada ko katikis bayan Misa: don me zan biya haraji, alhali kuwa hanyar garinmu ta lalace, asibiti ba magani, kuɗin kuma wasu ne ke cinyewa? Wannan tambaya tana da nauyi, bai kamata a raina mai yinta ba. Bari mu nemi amsarta a cikin Bishara ta hannun Matiyu, sura 22, aya 15 zuwa 22.

Tarkon da aka ɗana wa Ubangiji

A shekara ta 6 bayan haihuwar Almasihu, Romawa suka ƙidaya mutanen Yahudiya domin su ɗora musu haraji. Wani mutum mai suna Yahuza Bagalile ya ta da tawaye a kan haka, aka murƙushe shi. Tun daga lokacin zancen haraji ya zama wuta a ƙasar. Saboda haka da Farisiyawa da mutanen Hirudus suka tambayi Yesu ko halal ne a biya Kaisar, tarko suka ɗana masa. In ya ce a biya, jama'a su ɗauke shi maci amanar ƙasa. In ya ce kada a biya, a kai ƙararsa gaban gwamna.

Sai Yesu ya sa aka nuna masa dinari, wato kuɗin azurfa wanda shi ne ladan ma'aikaci na yini guda. Dinarin zamanin yana ɗauke da siffar Kaisar Tibariyas, wanda ya yi mulki daga shekara ta 14 zuwa ta 37. Da suka amsa da bakinsu cewa siffar ta Kaisar ce, ya umarce su su sauke hakkin Kaisar, su kuma sauke hakkin Allah. Tertulian, malamin Ikkilisiya na Afirka ta Arewa wanda ya rayu wajen shekara ta 200, ya bayyana asirin wannan amsa: kuɗi yana ɗauke da siffar sarki, amma mutum yana ɗauke da siffar Allah. Hukuma tana da rabo a aljihunmu, amma lamirinmu na Allah ne shi kaɗai.

Abin da Ikkilisiya take koyarwa

Na farko, biyan haraji wajibi ne. Manzo Bulus ya umarci Kiristocin Roma su biya shi, ko da yake sarkinsu ba mai bi ba ne. Katikisim na Ikkilisiyar Katolika na 1992, a sashe na 2240, ya haɗa biyan haraji da jefa ƙuri'a da kāre ƙasa cikin hakkokin da ke wuyan Kirista, a sashe na 2409 kuma ya lissafa zambar haraji cikin zunuban da suka saɓa wa doka ta bakwai. Satar wani ba ta halatta tawa.

Na biyu, mai karɓa ma yana ƙarƙashin shari'ar Allah. Yahaya Maibaftisma bai ce wa masu karɓar haraji su bar aikinsu ba, sai dai ya hana su ƙara ko anini a kan abin da aka yanka. Zakka na Yariko, da ya tuba, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya zalunta ninki huɗu. Ɗan Katolika da ke karɓar kuɗi a kasuwa ko a tasha ba tare da rasit ba, kada ya zaci baikon ranar Lahadi zai wanke shi. Tuban gaskiya yana tafiya da mayar da abin da aka ƙwace.

Na uku, wanda ya biya yana da ikon tambaya. Ikkilisiya ba ta ce kowane haraji adalci ne ba. Iyayenmu sun sha wuyar haraji da jangali, har aka soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979, ta hannun gwamnonin da talakawa suka zaɓa. Wannan ya nuna cewa ana gyara zalunci ta hanyar ƙuri'a, da ƙorafi, da faɗin gaskiya a gaban kansila da ciyaman. Kirista mai biya ya yi shiru, rabin aikinsa kawai ya yi.

In kuwa hukuma ta nemi abin da yake na Allah, dole ne mu ƙi. Waliyyi Tomas More ya bauta wa sarkin Ingila da aminci, amma a 1535 ya gwammace a sare kansa da ya sayar da lamirinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Na taɓa ɓoye ribata, ko na ba da cin hanci don a rage mini haraji?
2. Ina da katin zaɓe? Na taɓa sayar da ƙuri'ata?
3. Wane aiki ɗaya ne Ikkilisiyarmu za ta tambayi ƙaramar hukuma a kansa a wannan shekara?

Mu yi addu'a: Ya Allah Uba, kai da ka buga siffarka a kanmu, ka tsarkake hannuwanmu cikin biya da karɓa, ka ba shugabanninmu tsoronka, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.