Kafin Ruwa Ya Shigo Gari

Jama'a, idan ambaliya ta taso, kafin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) ko ta jiha (SEMA) su iso, ƙaramar hukuma ce mafi kusa, kuma bisa tsari kowacce ya kamata ta kafa kwamitin agajin gaggawa. Ku je sakatariya tun kafin damina ku tambaya: kwamitinmu yana zama kuwa? Wace makaranta aka ware don tsugunar da mutane?

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, cikin dare ruwa ya riski Maiduguri. Don haka mai unguwa ya rubuta gidajen tsofaffi, marasa lafiya da masu jego, a san wa zai ɗauke su. A yashe magudanai. Takardun gida kuwa, a ƙulle su cikin leda, a rataye sama. Lambar kiran gaggawa 112 ce.