Yadda ake gasa tat na cakulan da lemon zaƙi a gida

Tat abin zaƙi ne da Faransawa suka shahara da shi, ana cin sa bayan an gama cin abinci. Ɓawo ne na fulawa da bota mai garas-garas, wanda ake gasawa a siffar faranti mai ɗan zurfi, sannan a cika shi da haɗin cakulan mai santsi. Ba kek ba ne, don haka ba a so ya tashi kuma ba a sa masa bekin foda. Uwargida, sirrin wannan girki yana wajen sarrafa zafi: ƙullun sanyi yake so, cakulan kuwa wuta kaɗan yake so.

Ki fara da sayen cakulan, domin a nan ake yawan yin asara. Ki nemi mai duhu, wanda aka rubuta a jikin takardarsa cewa koko ya kai kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Ki duba jerin abin da ke ciki, ki tabbatar akwai man koko. Wannan mai yana narkewa ne a kusan zafin jikin ɗan Adam, shi ya sa cakulan na ƙwarai yake narkewa da ya taɓa harshe. Mai arahar nan da ake yi da wani man daban yakan bar maiƙo a dasashi, kuma babu dabarar da za ta gyara shi. Abin takaici ne a ce Kodebuwa ce kan gaba a duniya wajen noman koko, ga Gana, ga jihar Ondo a Najeriya, amma sai mutum ya shiga manyan kantuna kafin ya sami cakulan mai kyau. Duk da haka ki daure ki nema, gram 200 kawai kike buƙata.

Lemo kuwa ba wuya, musamman da hunturu, lokacin da na Binuwai yake cika kasuwanni. Guda biyu sun isa. Kada korensa ya ruɗe ki. A ƙasashe masu zafi lemo yakan nuna sarai bayansa na nan kore. Ki dai zaɓi mai nauyi a hannu, mai santsin baya, wanda in kin ɗan karce shi da farce ƙamshi zai tashi.

Ga ƙullun: fulawa gram 200, bota gram 100, garin sukari mai laushi gram 60, gwaiduwar ƙwai ɗaya da ɗan gishiri. Ki tankaɗe fulawar da sukarin da gishirin a roba. Ki ciro botar daga firji tana da tauri, ki yayyanka ta ƙanana, ki riƙa murza ta cikin fulawar da kan yatsunki har haɗin ya koma kamar garin rogo. Tafin hannu yana da ɗumi, zai narkar da botar. Sai ki zuba gwaiduwar da ruwan sanyi cokali ɗaya, ki tattara ƙullun wuri guda. In ya ƙi haɗuwa ki ƙara ruwa cokali ɗaya, kada ya wuce haka. Kuma kada ki yi ta kwaɓa shi, domin yawan kwaɓa yana sa fulawa ta yi danƙo, ɓawon ya fito da tauri, ya kuma tsuke a wuta. Da zarar ya haɗu ki daɓe shi, ki naɗe a leda, ya huta a firji na minti 45.

Ki barbaɗa fulawa a tebur, ki murza ƙullun da abin murji ko kwalba mai tsabta har kaurinsa ya kai milimita 3 ko 4. Ki ɗauke shi ki shimfiɗa a kwanon gashi mai faɗin santimita 23, ki danna shi a hankali ya zauna a kowace kusurwa ba tare da kin ja shi ba. In ya yage ki toshe da guntun da ya rage. Ki soke gindinsa da cokali mai yatsu, ki mayar da shi firji na minti 20. A watannin zafi na Maris da Afrilu, gara ki yi wannan aiki da sassafe.

Ɓawon ake fara gasawa shi kaɗai, in ba haka ba haɗin zai jiƙa shi ya zauna ɗanye. Ki kunna obin ya kai digiri 180. Ki shimfiɗa takardar gashi a kan ƙullun, ki zuba busasshen wake ya cika ta, don nauyinsa ya hana gindin kumbura. Bayan minti 15 ki kwashe waken da takardar, ki mayar da kwanon na minti 8 zuwa 10, har ya yi ruwan zuma. Ki fitar, ki rage wutar zuwa digiri 150.

Yanzu sai haɗin, kuma a nan nake so ki natsu. Mutane da yawa suna zaton ruwan lemo ne ke ba da ɗanɗano, sai su tuttula shi, haɗin ya tsinke. Ƙamshin lemo yana cikin man da ke fatarsa ta waje. Ki wanke lemon sosai, ki goge fatar da ƙananan idon magogi, ki tsaya da zarar kin ga farin da ke ƙarƙashinta ya bayyana, domin farin nan shi ne mai ɗaci. Ki zuba gogaggiyar fatar lemon a kirim mililita 200 da madara mililita 80, ki ɗora a wuta kaɗan. Idan gefen tukunyar ya fara ƙananan kumfa ki sauke, ki rufe, ki ba shi minti 10 ƙamshin ya ratsa. Ruwan lemon kuma ki matse, ki tace, ki tafasa shi daban da sukari cokali biyu har ya ƙone ya rage kamar cokali uku, ya yi kauri.

Ki daddatsa cakulan ƙanana a roba busasshiya. Ki sake ɗumama kirim ɗin, ki tace shi a kai, ki bar shi minti biyu ba ki taɓa ba. Sannan ki fara juyawa daga tsakiya, a hankali, kina faɗaɗa zagayen har ya koma baƙi mai sheƙi. Kada ki buga shi da maburgi, iska za ta shiga saman ya yi ramuka. Ki zuba dafaffen ruwan lemon da ɗan gishiri. Idan ya huce har kina iya jure shi a bayan hannu, ki kaɗa ƙwai ɗaya ki juya a ciki. In da zafi sosai ƙwan zai dahu ya yi gudaji. Wadda ba ta sami kirim ba tana iya amfani da madarar ruwa ta gwangwani mililita 200 da bota gram 40, ta bar waccan madarar.

Ki juye haɗin cikin ɓawon, ki gasa minti 15 zuwa 20. Alamar ya yi ita ce gefe ya kama, tsakiya kuma yana ɗan rawa in kin girgiza kwanon. Ki cire a wannan lokacin ko da zuciyarki na cewa bai gama ba, domin zai ƙarasa kamawa yayin da yake hucewa. In ya daɗe a wuta sai ya tsattsage ya bushe.

Rashin obin ba ya hana wannan girki. Ki gasa ɓawon a babbar tukunya mai yashi, yadda ake gasa kek, da wuta kaɗan. Haɗin kuma ki cire ƙwan da madarar, ki ƙara cakulan ya zama gram 250, ki zuba a ɓawon da ya huce, ki sa a firji na awa uku.

Wanda aka gasa ma yana son awa biyu ya huce kafin wuƙa ta taɓa shi. Ki tsoma wuƙar a ruwan zafi, ki goge, sannan ki yanka, kina maimaitawa a kowane yanka. Yana da nauyi a ciki, don haka ki yi shi ƙanana, zai ishi mutum takwas zuwa goma tare da shayi marar sukari sosai. Abin da ya rage yana kwana uku a firji in an rufe shi, amma ki fito da shi minti 20 kafin a ci, domin sanyi yana danne ƙamshin lemon.