Kwangila a Ƙetare: Lissafin da Za a Gama Kafin a Fita Ƙofar Doka

Birnin da Babban Gwani ya gina wa masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu bai taɓa rasa masu aikin hannu ba. Har gobe ana kiran maginan Zazzau, da masu ɗinkin hannu, da masu haɗa sola zuwa Maraɗi, Damagaram, Garwa ko Injamena. Wasu sukan dawo da yabo mai yawa, aljihu wayam. Galibi ba cutarsu aka yi ba, kunya ce ta hana su maganar kuɗi tun farko.

1. Raba kuɗin gida uku: ladan aiki, kuɗin kaya, kuɗin hanya. In ka yi jinga a dunƙule, duk abin da hanya ta ci daga guminka ta ci. Mota daga tashar Kwangila zuwa Katsina, daga can zuwa Jibiya, dakon kayan aiki, abincin yaranka, katin waya, duk nauyin mai aiki ne, wato wanda ya kira ka, amma sai an faɗa an rubuta. "Haba, ai mu 'yan'uwa ne, in ka iso ma daidaita" magana ce mai daɗi, sai dai ba a kai ta gaban alƙali. Ku sa hannu, da shaidu biyu, ka bar wa uwargida kwafi ɗaya.

2. Ku tsayar da irin kuɗin da za a biya ka. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane yuro ɗaya, ita kuwa naira tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 kan dalar Amurka ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ya yi ciniki da naira a lokacin, yana kashe sefa a can, ya yi wa 'yan canji aiki. Abin da za ka kashe a can, a lissafa da kuɗin can. Sannan sefar Nijar daban, ta Kamaru da Chadi daban, ba a cefane da ɗaya a kasuwar ɗayar sai an canja. Wani tarkon kuma yana bakin ciniki: jaka a Maraɗi sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa 5, alhali dattawanmu naira 200 suke kira jaka. Rubuta adadi da lamba, ka nuna wa mai aiki ya gani.

3. Kada ka tashi sai kafin alƙalami ya shigo hannu, kuma daga ciki a fara ware cefanen gida. Ba daidai ba ne maigida yana cin kilishi a Damagaram, iyali suna cin bashin gero a Kwarbai.

4. Takardu. Tun Satumbar 2025 ƙaramin fasfo na shekara biyar naira 100,000 ne. In don wannan aikin kawai za ka yi shi, nemi mai aiki ya ɗauki wani kaso. Katin allurar shawara ma ka riƙe, kuma ka tambayi direbobin layin abin da ake nema a iyaka yanzu, tunda Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

5. Ka sa wa ranar zaman jira farashi. Siminti bai iso ba, Alhaji ya tafi Yamai, an yi rasuwa a gidan, kai da yara kuna ci kuna kwana. Wa zai biya? Iyaka ma takan rufe ba sallama: an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. A ganina rabin ladan yini da abinci ya yi adalci ga kowa.

6. Ɗan acaba da mai dako ba sa ba da rasit. Sayi ƙaramin littafi, kowane dare ka rubuta abin da ya fita, ka ɗauki hotonsa ka tura wa mai aiki ta WhatsApp. Wanda ya ga lissafi kullum ba ya zaro ido ran ƙarshe. Amma tsarabar yara da turmin atamfar uwargida, wannan daga aljihunka ne, kada su shiga littafin.

7. In an yi maka kyautar shadda ko rago, ka yi godiya, ka tambaya cikin ladabi ko kyauta ce ko cikin biya.

8. Karɓi cikon kuɗinka kafin ka kwashe kayan aiki, don bin bashi daga Zariya ta waya ciwon kai ne. Kada kuma ka cusa shi duka a aljihun 'yar ciki ka bi hanyar Jibiya. Ka tura ta hannun ɗan canjin da kuka saba, ka kira gida su tabbatar ya shiga, sannan ka hau mota.