Darasin Kasuwanci: Mantiƙi da Cinikin Na'ura a Azare

Tun bayan ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 1993 da talatin, watau 2023, 'yan kasuwar Azare da garin Katagum suka rungumi biyan kuɗi ta waya da na'urar POS. Ciniki ya yi sauri, amma aikin da dillali yake yi da ido da amana ya koma hannun na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ba ta san komai ba sai ƙa'idar da aka ɗora mata.

Alal misali, mai riɗi a Azare ya sayar wa attajirin Dawanau ta Kano buhu ɗari. Matakan huɗu ne: a yanke farashi, a tura kuɗi, banki ya tabbatar da shigarsu, sannan a yi lodi. Masana mantiƙi suna rubuta wa irin wannan tsari sharuɗɗa iri biyu. Na farko, abin da ba zai taɓa faruwa ba: mota ba za ta tashi ba kafin kuɗi su shiga asusu. Saƙon waya ba shaida ba ne, domin akwai na bogi. Na biyu, abin da tilas ya faru komai daɗewa: kuɗin da aka cire, ko dai su isa ga mai kaya, ko su koma wa mai su. Wa'adin awa 72 da Babban Bankin Nijeriya ya sanya a 2020 don warware cinikin POS da ya maƙale, iyakar lokaci ce da aka ɗora wa irin wannan sharaɗi.

Akwai kuma cijewa. Idan tsarin mai kaya ya ce sai kuɗi sun shiga za a yi lodi, na mai saye kuma ya ce sai an ga takardar lodi za a saki kuɗi, kowa ya bi ƙa'idarsa, ciniki kuwa ya tsaya cik. Dillali zai sasanta wannan da magana guda. Na'ura sai ta yi ta jira.

Gwaji kaɗai ba ya tono irin wannan aibi. Matakai 20 masu fuska biyu, nasara ko gazawa, suna haifar da yanayi 1,048,576. Saboda haka ake zana tsarin da alamomin lissafi, irin ragar da Bajamushe Carl Adam Petri ya ƙirƙiro a 1962, sannan na'ura ta bi kowane yanayi ɗaya bayan ɗaya, dabarar da Edmund Clarke da Allen Emerson suka gabatar a Amurka a 1981. Idan sharaɗi ya karye, sai ta nuna ainihin jerin matakan da suka kai ga haka.

Ɗan kasuwar da za a kafa wa irin wannan tsari a shago ko sito, ya kamata ya rubuta sharuɗɗansa da kansa, kana ya tambayi mai kafawa: ina kuɗi suke tsayawa idan layi ya yanke tsakanin mataki na biyu da na uku?