Kalmar "Dusk": Asalinta, Ma'anarta da Fassararta Zuwa Hausa

Gabatarwa

Ɗalibin da ya je neman ƙwarewa a ɗakin labarai, kamar na Gidan Rediyon Tarayya da ke Area 10 a Garki, Abuja, ba zai daɗe ba zai ci karo da "dusk to dawn curfew", wato dokar hana fita ta dare. Wannan ɗan nazari zai dubi kalmar "dusk", inda ta samo asali, da kuma yadda ya dace a mayar da ita Hausa.

Asalin Kalmar

A Tsohon Ingilishi siffar kalmar ita ce "dox", kuma ba lokaci take nufi ba, launi ne: abu mai duhu-duhu ko baƙi-baƙi. Masana na danganta ta da kalmar Latin "fuscus", mai wannan ma'ana. Harafin x na wakiltar sautuka biyu ne, /k/ da /s/. Da tafiya ta yi tafiya sai aka riƙa samun /s/ a gaba, /k/ a baya, aka sami "dosk", daga bisani "dusk". Wannan shi ne abin da ake kira musayar gurbi a ilimin tsarin sauti, kuma ba baƙon abu ba ne a Hausa: bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya.

Sai a wajen ƙarni na 17 ne kalmar ta zauna a matsayin sunan lokacin da haske ke ƙarewa bayan faɗuwar rana. Ke nan launi ne ya haifi lokaci. Tsohuwar ma'anar ta tsira a cikin sifar "dusky", wadda ake faɗa wa launin da ya dusashe ya karkata ga duhu. Turawan da sun yi amfani da ita wajen siffanta fatar baƙar fata, shi ya sa a yau ake ƙyamar ta a wannan muhalli. Kada ɗalibi ya ɗauka daidai take da "wankan tarwaɗa", domin tamu yabo ce.

Takwarorinta a Hausa

Bahaushe ya yanka wannan ɗan lokaci gida-gida:

1. Magariba: daga Larabci, faɗuwar rana da lokacin sallarta.
2. Shafaƙi: jan da ke saura a yamma. A mazhabar Malikiyya, ɓacewarsa ce shigar lokacin Isha'i.
3. Almuru: sa'ad da duhu ya fara rufawa, har ba a shaida fuskar mutum daga nesa.

Da yake "twilight" ita ce ɗaukacin hasken da ke saura bayan rana ta faɗi, "dusk" kuwa ƙarshensa mafi duhu, almuru ce ta fi kusa da ita.

Akwai kuma bambancin muhalli. Abuja na kan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana na faɗuwa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara, kuma cikin minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara shiga. A Landan kuwa, a watan Yuni, sararin sama ba ya yin baƙi ƙirin har gari ya waye. Almurun Garki gajere ne, na Bature dogo.

Kammalawa

A adabi, mai fassara na iya cewa almuru ko duhun magariba. A labarin doka kuwa, wajibi ne ya nemo ainihin sa'a. Dokar hana fita ta annobar korona da ta fara aiki ranar 4 ga Mayu, 2020, daga ƙarfe 8 na dare ce zuwa 6 na safe. Wanda ya ce "daga magariba" ya tashi 'yan kasuwar Garki tun lokaci bai yi ba, wanda kuma ya ƙara sa'a ɗaya ya jefa mai saurare hannun jami'an tsaro. Saboda haka a duba muhallin kalma kafin a buɗe ƙamus.