Hutun ma'aurata a Kudancin Kaduna: ku zaɓi lokaci kafin ku zaɓi wuri

Wata amarya ta rubuto mini daga Zariya. Angonta ya yi mata alkawarin kai ta Italiya, ta ga Roma, ta shiga kwalekwale a Banis, amma da suka lissafa biza da tikitin jirgi da canjin yuro sai jikinsu ya yi sanyi. Yanzu suna da kwana uku da ɗan abin da suka tara, kuma wani ya ba su shawarar Kafanchan. Tambayarta: akwai abin gani kuwa, kuma me za su ci?

'Yar'uwa, akwai. Sai dai abin da ke ɓata wa ma'aurata wannan tafiya shi ne son ganin komai a zuwa ɗaya, alhali manyan abubuwan kallon yankin guda biyu ba sa yin kyau a lokaci guda.

Na farko shi ne magangarar ruwan Matsirga, kusa da Madakiya, tafiyar 'yan mintoci daga Kafanchan. Ruwa ne da ke zubowa daga kan dutse mai tsawon kimanin mita 30. Idan kina son ki gan shi da ƙarfinsa, har feshinsa ya jiƙa miki mayafi tun daga nesa, ku je a ƙarshen damina, Satumba ko Oktoba. Wanda ya je a watan Maris zai tarar ruwan ya ja baya, ya dawo yana cewa an zuga shi. Amma ki kula, duwatsun wurin suna da santsi a ƙarshen damina. Ki ajiye takalmi mai tsini a masauki, kuma kada angon ya ce zai shiga ruwan don ya burge ki. Ku nemi ɗan gari ya raka ku, ku sallame shi da kyau.

Na biyu shi ne dutsen Kagoro. Shi kuwa da hunturu ake hawansa, lokacin da ciyawa ta bushe, hanya ta fito. Ranar 1 ga Janairu ta kowace shekara ake bikin Afan, inda maharba da masu rawa ke cika garin Kagoro. Idan shi kuka zaɓa, ku kama ɗaki tun da wuri, domin a makon bikin 'yan asalin yankin na dawowa gida daga ko'ina. Ku fara hawan dutsen da sanyin safiya, da ruwan sha a hannu.

Ni dai ga sababbin aure na fi son Oktoba. Ƙasa shar take, babu cunkoso, kuma za ku samu sararin hira.

Rana ta biyu kuna iya leƙa ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Da yawa daga cikin waɗanda aka tono suna gidan tarihi na Jos, don haka ku je da niyyar ganin ƙasar da suka fito. Duk wanda ya tare ku da wani gunki ya ce na Nok ne na sayarwa, ku wuce: ko jabu ne, ko kuma haramtaccen ciniki.

Batun abinci kuma, a nan nake roƙonki. Kada ki yi wannan doguwar tafiya ki ƙare da shinkafa da kaza irin ta kowane otal. Ƙasar acca ce. Ki nemi faten acca mai zafi da ganye, ki ɗanɗani tuwonta, wanda ba ya nauyi a ciki, ga kununta da safe. Gidan abincin da kika ga ma'aikata da direbobi sun cika da rana, can za ki zauna. Yankin na Musulmi ne da Kirista, kuma kowa da abin da yake ci, saboda haka tambayar wane nama ne, wa ya yanka, ba abin kunya ba ne idan an yi ta da ladabi. A cikin Kafanchan ba za ku rasa mai tsire ko mai abincin da hankalinku zai kwanta da shi ba. Tsarabar uwar miji kuwa, ki saya mata busasshiyar citta, wadda ƙasar Jaba da Kachia suka yi suna da ita, da mudun acca.

Saura hanya. Yankin ya sha fama da hare-hare da satar mutane, kuma wannan ba abin da zan ɓoye miki ba ne. Daga Kaduna ta Kachia da Zonkwa, ku tashi da safe ku isa da rana tsaka. Kwana ɗaya kafin tafiya ku kira wani mazaunin Kafanchan ku ji halin da ake ciki, idan ya ce ku dakata, ku dakata. Ku sanar da wani na gida inda kuka sauka, kuma kowace rana la'asar ta same ku a cikin gari.