Sata ta fi faruwa a wurin gyara

Duk wanda aikinsa ya haɗa da duba wa mutane matsalolin lalitar kirifto zai lura da abu guda: kuɗi ba su cika salwanta a ranar da komai ke tafiya daidai ba. Ranar da aka turo USDT bai bayyana ba, ko aikawa ta maƙale, ko waya ta faɗa ruwa, ita ce ranar hatsari. Hankali ya tashi, mutum ya shiga Telegram ko X ko Facebook yana cigiyar mai taimako, kuma sau da yawa wanda zai fara amsa masa cikin ladabi da saurin gaske shi ne ɓarawon. Matsalar da ta kai shi can wataƙila ta minti biyar ce, kuɗinsa ma ba su motsa daga inda suke ba, amma garin neman gyara ya miƙa abin da ba ya dawowa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a koya wa mutane tsaron lalita daban, gyaranta daban. Darasi ɗaya ne, kuma ga ginshiƙinsa: babu wata matsalar lalita da maganinta ke buƙatar ka nuna wa wani mutum, ko wani shafin intanet, kalmominka na sirri.

Dalilin haka yana cikin yadda aka gina abin. Kuɗin ba sa cikin waya. Suna rubuce ne a bulokcen, kundin da dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa, ita kuwa manhaja irin Trust Wallet ko MetaMask taga ce kawai da ake leƙa kundin ta cikinta. Abin da ke ba mutum ikon taɓa kuɗin shi ne mabuɗin sirri, kuma duk mabuɗai da adireshin lalita ana fitar da su ne daga kalmomi 12 ko 24 ɗin nan da manhaja ke nunawa ranar farko. Tsarin ana kiransa BIP39, an gabatar da shi a 2013, yana zaɓen kalmomin daga jerin guda 2,048. Yawan hanyoyin haɗa kalmomi 12 da tsarin ke karɓa lamba ce mai alƙaluma 39, saboda haka babu mai zama ya yi canki-canka ya dace. Lambar da ake dannawa a buɗe manhaja tana kulle waccan wayar ce kaɗai. Ma'ana, idan waya ta ɓace kalmomi suna hannu, ba a rasa ko kwabo ba. Idan kuwa wani ya ga kalmomin, an rasa komai, ko da wayar tana aljihu a kulle. Ɓarawo ya san ba zai iya fasa lissafin ba, don haka ya koma roƙo, ya kuma gano cewa mutum ya fi saurin bayarwa a lokacin da ya firgita.

Idan aka bi matsalolin da suka fi yawa, za a ga yawancinsu ba su kai girman firgicin da suke jawowa ba. Kuɗi ba su bayyana ba? Matakin farko shi ne a kwafi adireshin lalitar, wanda ba sirri ba ne, a duba shi a shafin leƙa kundin, irin Tronscan ko BscScan ko Etherscan. Idan kundin ya nuna kuɗin, to suna nan, manhaja ce ba ta nuna ba. Sau da yawa sanadin shi ne netwok: USDT ɗaya ne a suna amma yana tafiya a kan Tron, da BNB Smart Chain, da Ethereum, da wasu. Adireshin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da na BNB Smart Chain kuwa da 0x, kuma a lalita ɗaya adireshin waɗannan biyun na ƙarshe iri ɗaya ne, don haka wanda aka turo wa ta wannan alhali yana duba waccan, abin da zai yi bai wuce ya kunna netwok ɗin ya ƙara sunan kuɗin ba. Wani kuma yana ganin USDT ɗinsa amma ya kasa turawa, ya ɗauka an rufe masa lalita, alhali kuɗin gas, wato ladan aikawa, ne babu: Tron na son TRX, BNB Smart Chain na son BNB, Ethereum na son ETH. Aikawar da ta maƙale saboda an biya gas kaɗan ana iya ƙara mata kuɗi daga cikin manhajar, kuma a Ethereum sai ta wuce sannan na bayanta su bi, domin a jere ake lissafa su. Wanda ya dawo da lalitar Bitcoin a wata manhaja ya tarar da sifili, ya duba irin adireshin, domin akwai masu farawa da 1, da 3, da bc1, kuma ba kowace manhaja ke buɗe iri ɗaya da farko ba. Ko wanda ya tura XRP ko TON zuwa kasuwar musaya ya manta lambar memo, abin da kasuwar za ta nema shi ne lambar shaidar aikawar. Akwai dai kuskuren da ba shi da magani, wato tura kuɗi zuwa adireshin wani baƙo, kuma wannan ma kalmomin ba za su warware shi ba.

'Yan damfara sun karanci jerin matsalolin nan fiye da masu lalitar. Za su ce sai an tantance lalitar ko an daidaita ta da sabar kamfani, su turo linki mai ɗauke da akwatuna 12. A ƙarshen 2018 masu amfani da lalitar Electrum sun riƙa ganin saƙon ƙarya a cikin manhajar kanta yana cewa su sauke sabon samfuri, waɗanda suka bi suka yi asarar Bitcoin ɗinsu. A 2020 an sace bayanan abokan cinikin kamfanin Ledger mai ƙera na'urorin ajiyar mabuɗi, aka watsa sunaye da lambobin waya da adireshin gida na mutum kusan 270,000, sai ga shi a 2021 ana aika wa wasunsu na'urorin bogi har gida, da takarda mai cewa tsohuwar ta samu matsala, su shigar da kalmominsu a sabuwa. A Arewacin Nijeriya, inda matasa da yawa suka shigo harkar ta hanyar haƙar Pi da wasannin danne-danne na Telegram irin Hamster Kombat, salon bai canza ba: shafi ya yi alƙawarin buɗe maka kuɗin da aka kulle ko hanzarta ƙaurarsu, sharaɗin kawai ka rubuta kalmomi 24. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sata ta biyu. Wanda aka yashe ya fito ya yi kuka a fili, sai wasu su bayyana a matsayin ƙwararrun dawo da kuɗin da aka sace, su nemi kafin alƙalami. Aikawar da ta tabbata a bulokcen ba mai iya juya ta, kuma wanda ya ce zai iya, ragowar yake nema.

Ajiyar kalmomin ma na da nata ramin. Da yawa daga cikin sababbin shiga hoton allo suke ɗauka, ko su tura wa kansu a WhatsApp, ko su ajiye a imel. A Fabrairun 2025 kamfanin Kaspersky ya bayyana wata muguwar manhaja, SparkCat, da aka samu ɓoye cikin manhajoji a Google Play da App Store, aikinta ta bi hotunan waya tana karanta rubutun ciki don neman irin waɗannan kalmomi. A Agustan 2022 an kwashe dubban lalitoci a netwok ɗin Solana, bincike ya kai ga manhajar Slope da ke tura kalmomin mutane zuwa wata saba ba tare da ɓoye su ba. Duk abin da ya taɓa intanet, a ɗauka wata rana wani zai karanta shi.

Wani zai ce takarda ma ai ba amana gare ta ba: gara na ci, damina na jiƙawa, gobara na lashewa, yara na yagawa. Gaskiya ne, kuma asarar da mutum ke jawo wa kansa ta hanyar ɓatar da mabuɗi ba ƙarama ba ce. James Howells na garin Newport a Birtaniya ya rasa faifan kwamfuta mai ɗauke da mabuɗin Bitcoin kusan 8,000 a 2013, ya shafe shekaru yana neman izinin tone jujin garin, har kotu ta yi watsi da ƙararsa a Janairun 2025. Sai dai illar takarda ana iya rage ta da hannu: a rubuta kwafi biyu da biro, da lamba a gaban kowace kalma domin jerin na da muhimmanci, a ajiye a gidaje biyu, mai dukiya da yawa ya sa a buga su a kan ƙarfe. Kafin a zuba kuɗi masu nauyi, a gwada dawo da lalitar da abin da aka rubuta, domin harafi ɗaya da aka karkace ya fi kyau a gano shi yau. Wanda zai saci takarda sai ya shigo ɗaki. Wanda zai saci hoto yana iya kasancewa a wata nahiya yana kwashe na mutum dubu a dare ɗaya.

Wani kuma zai ce, tunda abin da wuya haka, me zai hana a bar kuɗin a kasuwar musaya, inda in an manta lambar shiga ana iya sabuntawa? Wannan magana tana da ƙarfi fiye da yadda masu tsananin ra'ayi ke yarda. Ga mai ɗan kuɗin juyawa a P2P, wato saye da sayarwa tsakanin mutum da mutum, wanda bai riga ya iya riƙon kalmomi ba, babbar kasuwa na iya fi masa aminci na ɗan lokaci, muddin ya kunna tabbaci na biyu da manhaja irin Google Authenticator maimakon saƙon tes, domin ana iya ƙwace layin waya. Amma ya sani amana ya bayar. Mt. Gox ta Japan ta rushe a 2014 da Bitcoin kusan 850,000, FTX ta rufe ƙofa a Nuwamban 2022 da kuɗin jama'a a ciki, kuma a Maris na 2024 Binance ta dakatar da duk hulɗa da naira bayan takun saƙa da gwamnatin Nijeriya. Kuɗin ciniki na iya kwana a kasuwa, ajiyar shekaru kuwa bai kamata ba.

Haka nan masu cewa sayen na'urar ajiya irin Ledger ko Trezor ya kashe magana. Na'urar tana da amfani sosai, domin mabuɗin ba ya fita daga cikinta, amma ba ta hana mutum sa hannu a kan abin da bai karanta ba. A Fabrairun 2025 an kwashe wa kasuwar musaya ta Bybit kimanin dala biliyan 1.5, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa, kuma ba a saci kalmomin kowa ba: an gurɓata shafin da masu sa hannu ke kallo, suka amince da abu daban da wanda aka nuna musu. Ƙaramin ɗan kasuwa ma haka ake masa, ya haɗa lalitarsa da shafin rabon kyauta, ya danna amincewa, ashe ya ba wa wani izinin ɗibar USDT ɗinsa ba iyaka. Irin wannan izini ana iya duba shi a soke a shafi kamar Revoke.cash. Akwai kuma masu turo ɗan kuɗi daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka, don ka kwafa daga tarihin aikawa. A Mayun 2024 wani ya tura kimanin dala miliyan 68 ta wannan hanya. Maganin shi ne a raba lalita biyu, ɗaya ta yawo mai ɗan canji, ɗaya ta ajiya da ba ta haɗuwa da kowane shafi, sannan a fara tura kaɗan kafin mai yawa.

Ƙorafin da ya fi kusa da mu shi ne na wanda Turancin manhajar ya fi ƙarfinsa, dole sai ya nemi ƙani ko mai gyaran waya. Neman taimako ba laifi ba ne, iyakarsa ce ya kamata a sani. Mai taimako na iya ganin adireshi, ya duba Tronscan, ya nuna inda za a danna, amma idan aka zo rubuta kalmomi ko shigar da su, ya miƙa wayar ya kau da kai, kuma mai gaskiya ba zai ji haushin haka ba. Wanda zai kai waya gyara ya tabbatar kalmominsa na rubuce daidai, ya cire manhajar kafin ya bayar. In kuwa ana zargin wani ya riga ya gani, sauya lambar buɗe manhaja ba ya tsinana komai. A buɗe sabuwar lalita mai sababbin kalmomi a waya mai tsabta, a kwashe kuɗin nan take, a fara da mafi daraja.

Saura batun gado, wanda tsananin ɓoyo ke iya lalatawa. Dukiyar da ke lalita haƙƙin magada ce kamar gona ko shago, amma babu alƙali ko banki da zai iya buɗe ta idan mai ita ya rasu da kalmomin a kansa. Ya kamata wasiyya ta ambaci cewa akwai lalita, da sunan manhajar, da netwok ɗin da kuɗin suke, da wurin da aka ajiye takardar, ba tare da an rubuta kalmomin kansu a cikin wasiyyar da mutane da yawa za su karanta ba. Mutum ɗaya amintacce ya san wurin, wani daban ya san yadda ake amfani da su, kuma a sake duba wannan tsari duk lokacin da aka sauya lalita.